Sarkin Walƙiya da Fararen Kwalabensa

Duk faɗin Zuru, daga Rikoto har bakin tasha, babu masanin kimiyya kamar Baba Ishaya. Shi da kansa ya tabbatar da haka, wa zai yi masa musu? Shekara ashirin da biyar ya yi a soja yana gadin sito, ko gafiya bai taɓa harbi ba, amma in ya soma labarin yaƙi sai shayinka ya huce.

Bana Allah ya ƙara masa ɗaukaka. Jessica, 'yar ƙanensa da ke jami'a, ta zo hutu da wata na'ura mai aiki da hasken rana. Na'urar kan kunna 'yar walƙiya a cikin bututun gilashi, wadda ake kira filasma, ta ratsa iska da ruwa, sai ga haidurojin, ruwan nan mai kumfa da ake wanke rauni da shi. Ba hayaƙi, ba ƙazantar masana'anta. Kafin yarinya ta koma makaranta, na'ura ta zama ƙirƙirar Baba, shi kuma ya naɗa kansa Sarkin Walƙiya.

Sista Leah ta ƙaramin asibitin unguwa ta ji daɗi har ranta. Kaka ta gabato, waɗanda lauje ya yanka za su fara zuwa jina-jina, ga shi ko ɗigon haidurojin ba ta da shi. Baba ya bugi ƙirji ya yi mata alkawarin kwalba hamsin.

Gargaɗi ɗaya tak Jessica ta bari: a zuba a kwalba mai duhu, a ajiye a inuwa.

"Ni Ishaya in ɓoye aikina kamar kayan sata?" in ji Baba. "Kimiyya a sarari ake yin ta!"

Ya samo fararen kwalabe garau, ya manna wa kowace hotonsa cikin kakin soja, ya jera su a ƙofar gida. Sati uku suna shan ranar Zuru. Laima ɗaya ce a gidan, kuma kowa ya san wanda ya cancance ta.

Ranar miƙa kaya ya yi jawabin awa biyu. "Turawa sun yi ta nema, ni na samo!" Da ya ƙare, Leah ta karɓi yankan ɗanyar hanta wurin Yusha'u mahauci, don haidurojin na gaske in ya taɓa hanta sai ya yi kumfa. Ta tsiyaya. Shiru. Ta buɗe ta biyu, ta buɗe ta goma. Rana ta riga ta mayar da shi ruwa zalla.

"Sabon samfuri ne," in ji Baba, "mai natsuwa."

Takaici ya hana Leah dariya. Ta sa aka ɗaure na'urar a bayan babur don ta kai asibiti ta haɗa maganin da kanta, sannan ta dawo ta rusuna.

"Baba, a ara mini laimar nan. Maganin ya fi ka buƙatarta."

Aka bar Sarkin Walƙiya tsaye a rana, hotunansa hamsin suna gadin ruwa.