Ƙwaurin Shugaba Odiel Ya Fi Kowa Aiki

An ce wai tun da Odiel Vermeersch ya dawo daga sashen nukiliya na asibitin birni, matarsa ta daina kunna murhu. A ƙwaurinsa take ɗora tukunyar dankali, kafin ta yanka albasa ya nuna. Ƙarya ce, jama'a. Mu danginsa mun gwada da ƙwai ɗaya, har muka gaji da zama bai dahu ba.

Amma a bar mutum da girmansa. Odiel shi ne shugaban ƙungiyar 'yan keken ƙauyenmu, dakaru goma sha ɗaya, autansu shekararsa sittin da uku. Shi ake yi wa kirari da Guguwar Lahadi, mai wandon roba kamar an ɗura shi a ciki. Bara ya karye a ƙwauri, aka ɗaure ƙashin da ƙarfe. Shi ya ce a fagen tsere ne. A ƙofar gidan burodi ne, ya saki kan keke yana ɗaga wa jama'a hannu biyu, jama'ar kuwa mace ɗaya ce da karenta.

Bana ƙafar ta kumbura, ta yi ja, ta ɗau zafi. Zazzaɓi ya zo ya tare. Wani ɗan rami ya buɗe a kan tabon yana tsiyaya. Shugaba ya duba ya yanke hukunci: "Zufar gwarzaye ce. Ku da ba ku taɓa hawa tudu ba, ina za ku sani?"

Hoton ƙashi na farko bai nuna abin kirki ba. Likita ta ce irin wannan ciwo yakan yi makonni yana cin ƙashi kafin ya fito a wannan hoton. Odiel bai ji wannan ba, kunnensa ba ya ɗaukar magana mai tsawo. Ya kai hoton shagon kofi ya liƙa kusa da kofin da 'yan ƙungiyarsa suka ci shekarar da su kaɗai suka shiga gasa.

Matarsa Godelieve ce ta cire ƙafar keken ta gaba ta kai gidan 'yar'uwarta. Ta ce, "Ko asibiti, ko ka jagoranci tseren bazara da ƙafa ɗaya, kai da keken duka."

A sashen nukiliya aka yi masa allurar wani ɗigon ruwa mai haske da ido ba ya gani, wanda yake bin jini ya taru inda ƙashi yake fama. Aka ce ya sha ruwa da yawa ya jira awa uku. Ya yi awa ukun yana koya wa marasa lafiya yadda ake shan kwana. Da aka kwantar da shi a ƙarƙashin na'ura, sai ga ƙwarangwal ɗinsa fari-fari a allo, ƙwaurin hagu kuwa da tabo baƙi ƙirin.

Likita ta nuna da biro. "Yallaɓai, ka ga nan? Wurin nan yana aiki fiye da ko'ina a jikinka."

Wayyo, da ta san wanda take faɗa wa! Odiel ya gyara zama. "Godelieve, kin ji da kunnenki. Shekara arba'in ina faɗa. Likita, a rubuta mini a takarda, a buga hatimi."

Don a tabbatar ba tsohuwar karaya ce ke ruɗa hoton ba, aka ɗebi jininsa, aka yi wa fararen ƙwayoyin da ke yaƙi da cuta alama, aka mayar masa. Duk suka ruga suka yi cincirindo a ƙwaurin.

Ya ce, "Ai sun san inda shugabanci yake."

Likita ta ajiye biron. "Ba mubaya'a suka je ba, yallaɓai, yaƙi suka je. Ƙwayar cuta ta zauna a kan ƙarfen tana cin ƙashinka. Jibi za mu cire shi mu kankare, sai mako shida na magani ta jijiya. Ka ƙara wata ɗaya kana kiransa zufa, ƙafar ce za mu cire."

Karo na farko tun da aka yi masa baftisma, Guguwar Lahadi ta lafa. Takardar da ya samu mai hatimi kuwa, abin da ke ciki umarni ne: saboda ragowar allurar da ke jikinsa, yau ya riƙa yin fitsari a zaune, ya kora ruwan bayan gida sau biyu.

Bayan tiyatar, taubashinsa Remi ya je dubiya, ya tarar da shi cikin rigar asibiti mai buɗaɗɗen baya, yana jan sandar ƙarin ruwa mai tayoyi.

"Shugaba! Sabon keke? Tayoyi biyar! Ashe duk jikinka wuri ɗaya ne ke aiki, shi ma ruɓewa yake."

Odiel ya kama bayan rigar da hannu ɗaya ya dube shi sama da ƙasa.

"Ni dai an duba an samu. Kai a yi maka allurar, za ta zaga kanka sau uku ta rasa wurin zama ta fito."