Shehin da Na Yi wa Addu'a a Gidan Surukai

A wata rumfar tsofaffin littattafai a Balad, tsohuwar unguwar Jidda, na tsinci littafin. Na Larabci ne, ba bango ba sunan marubuci, cike da hikima a kan abota da kame harshe. Nan take na yanke cewa na wani babban shehinmu ne. Lokacin ina neman auren Maryam, 'yar Baba Usman, tsohon malamin makaranta haifaffen Jidda. Na ce yau zai san 'yarsa ta samo masani.

Bayan la'asar na zauna a falonsa, na gyara hula, ina karantawa ina fassarawa, ina girgiza kai: "Allah ya ji ƙan Shehi!" Yayyen Maryam suna amsawa da amin.

Baba ya karɓi littafin, ya sa tabarau.

"Ya waladi, ai Bayahude ne ya rubuta wannan, tun kafin Annabi Isa. Ahlul Kitabi ma har yau suna gardamar ko saukakke ne."

Shayi ya sarƙe ni. Baba ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Halas, shi ke nan, turo magabatanka."

'Ya'yanmu uku yanzu, amma kullum Baba ya kira Maryam a waya sai ya ce, "Ba ni Limamin Bani Isra'ila."