Ranar da Simintin Gidanmu Ya Yi Gumin Turare

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya a gaban Abba da yayana da wani magini mai kaifin hanci ina roƙon ƙasa ta tsage in shige ba. Ƙasar ma ta ƙi, don sabon siminti ne.

Gidan da muke haya a unguwar Waziriyya, a birnin Jidda, tsoho ne, kuma yana da badrum, wato ɗaki a ƙarƙashin ƙasa. Tun da muka tare babu mai kwana a ciki sai akwatuna da kyankyasai. Ruwan ƙasar Jidda a kusa yake, ga gishiri, sai bangon ya riƙa fitar da wani farin gari yana ɓarewa kamar ƙafa mai kaushi. In ka shiga da wankakkiyar riga, za ka fito kana warin tsohon tulu.

Ni a sama nake, ɗaki ɗaya da ƙannena 'yan biyu, Hassana da Usaina. (Wanda bai taɓa raba ɗaki da 'yan shekara shida har guda biyu ba, kada ya yi mini wa'azin haƙuri. Sun taɓa yayyanka littafin lissafina suka yi wa 'yar tsana abaya.) Shekarata sha biyar, ba ni da ko ƙusa ɗaya a bango da zan ce tawa ce. Yaya Mubarak kuwa ɗakinsa shi kaɗai, har da mukulli.

Rannan Abba ya shawo kan mai gidan, aka kawo magini, Mu'allim Isufu, wani dattijo ɗan Damagaram. Ya kankare bangon har bulo ya fito, ya shafa baƙin abin nan mai kama da kwalta da ke hana ruwa ratsowa, ya sake yaɓe, ya zuba sabon siminti a ƙasa. Badrum ya fara zama ɗaki, babban ɗaki, wanda ya fi falonmu sanyi.

Sai na fara ganin Yaya Mubarak yana sauka kullum da tef ɗin awo a hannu.

"Nan gado, nan teburin karatu," yana faɗa yana kallona ta gefen ido.

Na ce, "Yaya, wai na waye ɗakin?"

Ya ce, "Ki duba wa ke riƙe da tef."

Mutum ɗaya, ɗaki biyu? Ni kuma ina kwana da ƙafar Usaina a bakina? Na riƙa hango shi a kwance a can ƙasa, ya ɗora ƙafa kan ƙafa, babu mai taɓa masa caja. Har addu'a na yi kyankyasan su dawo da danginsu na unguwar Sharafiyya.

Kafin a sa tayil, Mu'allim ya yi wata dabara. Ya shimfiɗa leda a tsakiyar simintin, ya liƙe gefunanta da salatif, ya ce wa Abba, "Alhaji, a bar ta kwana biyu. In da sauran ruwa a ƙasa, za ta yi gumi a ƙarƙashin ledar. In ta yi gumi, shi ke nan, ba a sa tayil, ba a kwana a nan."

Ina laɓe a kan matakala na ji, kuma nan take shaiɗan ya matso ya zauna kusa da ni.

Washegari bayan azahar, kowa yana barcin rana, na lallaɓa. Ba buta na ɗauka ba, wannan aikin marasa basira ne, kowa zai gane zubawa aka yi. Gumi ake nema, ɗis-ɗis. Sai na ɗauko kwalbar feshin da Umma take yayyafa wa kaya in za ta yi guga. Na ɗaga kusurwar ledar, na fesa har hannuna ya gaji, na mayar da salatif yadda yake. Na hau sama ina jin kaina kamar injiniya. (A lura: a makon ina fama da mura, hancina a toshe yake ɗam. Ku riƙe wannan.)

Ranar buɗe leda ni ce ta farko a matakala, da fuskar jimami da na gwada a madubi. Mu'allim ya yaye ledar. Ga ɗigon ruwa nan reras, kamar raɓa.

Abba ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo wurina. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka ba ya kiran sunana.

Ya ce, "Uwata, ki yi haƙuri. Da ma ke na yi wa ɗakin nan, na so sai an gama ki gani. Amma da asmar nan taki, ba zan sa ki a wuri mai danshi ba. Sai dai a mayar da akwatuna."



Yaya Mubarak ya ce, "Kash. Ni da na yi sati ina awon gadonki, har labule na zaɓa."

Yanzu in na yi shiru, ɗaki ya tafi. In na yi magana, mutunci ya tafi. Ina cikin wannan lissafi sai na ga Mu'allim ya durƙusa. Ya dangwali ruwan da yatsa ya ɗanɗana. Ya sake dangwala ya kai hanci. Ya shaƙa, ya lumshe ido kamar mai zaɓen turare a kasuwar Balad.

Ya ce, "Alhaji, gemun nan nawa a kan simintin Jidda ya yi furfura. Ruwan ƙasar garin nan gishiri ne da shi. Wannan ba gishiri. Kuma ban taɓa ganin ƙasa ta yi gumi da ƙamshin miski ba."

Abba ya sunkuya ya shinshina, sannan ya ɗaga hannun jallabiyarsa ya shinshina. Ƙamshi ɗaya. Ashe Umma turare take ɗigawa a ruwan gugarta.

Su uku suka juyo gare ni a hankali, kamar fanka.

Na ce, "Ni ce," da muryar da ko sauro zai raina. "Na zaci na Yaya ne."

Yaya Mubarak ya zame jikin bango yana dariya har da hawaye. Abba bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi mari zafi. Ya ce, "Wato da na ɗan'uwanki ne, gara kowa ya rasa ke nan, Uwata?"

Aka sake shimfiɗa leda, wannan karon aka kulle ƙofa, Mu'allim ya tafi da mukullin a aljihunsa. Ta fito a bushe ƙamas. Aka sa tayil, aka yi fenti, Abba ya yanke hukunci: Yaya Mubarak zai fara zama a ciki wata guda cur, don in koyi ganin abu a hannun wani ban mutu ba. Kwana talatin ina jin munsharinsa ta ƙarƙashin ƙafata, ƙafar Usaina kuma a bakina.

Yanzu ɗakin nawa ne, a ciki ma nake rubuta wannan. Sai dai duk ranar da Umma ta ɗauko kwalbar guga, Yaya zai leƙo ya ce, "Injiniya, ga kayan aikinki." Abin da na koya shi ne, kafin ka ɓata abin wani, ka fara tambayar na wane ne. In kuma ka nace sai ka ɓata, to ka bari murar ta warke tukuna.