Ranar da Na Yi Bankwana da Kunnuwana

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Zamfara na yi wata muguwar mura. Ina dawowa Kaura daga kasuwar Shinkafi kunnuwana suka toshe, muryata na yi mini amo kamar ina magana cikin randa.

Kakana ya kurumce kafin rasuwarsa, don haka na yanke hukunci: gado ne ya iso. Hankalina ya tashi. Dillalin hatsin da ba ya jin tayi, da me zai ci da gida?

Matata ta ce, "Malam, mu tai asibiti."

Na ce, "Mi likita zai yi ma gado?"

Na tara iyali na nemi gafara, na ce kowa ya yi maganarsa tun ina ɗan ji. Inna ta fashe da kuka. Ana cikin haka hamma ta kama ni. Ɓas! Kunnuwana suka buɗe, har kukan akuyar maƙwabta na jiyo.

Daga baya likita ya ce majina ce ta tare hanyar da iska ke bi daga hanci zuwa cikin kunne.

Har yau in na yi hamma, ƙanena sai ya ce, "A yi shiru, Yaya na shan magani."