Rasuwar Gadar Ƙofar Karimatu

Da zuciya mai cike da baƙin cikin da har yau bai sauka ba, Karimatu mai ƙuli-ƙuli ta garin Gaya tana sanar da 'yan'uwa da abokan ciniki rasuwar 'yar gadar da ke kan kwatar ƙofar gidanta.

Labarin ya iske ta ranar Babbar Sallah, tana tsakar gida a kan kekenta na guragu tana yanka albasa. Wani wari irin na ashana ne ya fara shigowa, mai shaƙe maƙoshi, sannan maƙwabciyarta Hure ta biyo shi da gudu, ko sallama babu.

Marigayiyar ba ta siminti ba ce. Na siminti guda biyu sun riga ta kwanciya a wurin, ruwan gishirin da masu sana'ar fata na layin ke zubarwa a kwata ya cinye su. Mudassir, ƙanin Karimatu, shi ya narkar da farar wuta a rabin duro, ya cuɗa ta da yashi da tsakuwa, bai sa ko ɗigon ruwa ba. Da hantsi aka zuba ta, kafin la'asar keke ya hau. Karimatu, wadda shan inna ya riƙe wa ƙafafu tun tana yarinya, a ranar ta fita layi ba wanda ya ɗaga ta.

An shaidi marigayiyar da haƙuri. Damina ta dake ta, gishiri ya jiƙa ta, ba ta taɓa tsagewa ba. Ba ta da magana sai "gurum-gurum" idan taya ta bi ta kanta. Abu ɗaya ta ƙi a duniya, wuta, kuma duk layin an sani. Surukin Hure ne, baƙo daga Kademi, ya ga fili mai santsi ya haɗa itace a kai ya hura wuta don babbakar kan rago. Jinyar ba ta yi tsawo ba. Ta yi gumi, ta yi laushi, wani shuɗin harshen wuta ya bi bayanta, ta ɓalle ta faɗa kwata.

Ta bar Karimatu, da keken da bai ƙara ganin titi ba, da farantin ƙuli-ƙulin da masu saye ke cigiya a kasuwa. An gwada katako ya lanƙwashe. Maza sun ce za su riƙa ɗauko ta, ta ce ita ba buhun gero ba ce.

Ba za a kai gawar ko'ina ba. An tsamo gutsattsarinta an zuba a buhu a zaure, domin Mudassir ya ce ana iya sake narkar da su. Yana Fatakwal wurin aiki, bai faɗi ranar dawowa ba.

Ana karɓar gaisuwa a zauren gidan. Mai zuwa ya zo da shirin tsallake kwata, kuma ya yi haƙuri, ba rakiya. Kowace safiya zai tarar da Karimatu ta ɗiga wa sarƙar keke mai, ta murzo shi har bakin ƙofa, ta tsaya.