Hoton Inna da murfin kyamara

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗiyar ƙanwata Rabi, ranar da na naɗa kaina mai hoto ba tare da kowa ya roƙe ni ba.

Marigayi Babanmu, Allah ya jiƙansa, ya bar wata tsohuwar kyamara irin ta fim. Muna yara yakan bar ni in leƙa 'yar tagar da ke samanta, amma ban da taɓawa. Abin da ke cikin tagar nan ya daɗe yana ba ni mamaki. A tsakiya akwai wani ɗan tabo ruwan ɗorawa, in ka saita mutum a ciki sai ka ga ya zama biyu, kamar shi da inuwarsa. Kana murza zoben gaba su biyun suna matsowa, har su haɗe su zama ɗaya. Iyakar ilimina ke nan, amma a raina na gama zama gwana.

Kakarmu Inna, wadda ta haifi Baba, ba ta yarda da hoto. Banda na katin ɗan ƙasa (shi ma ta ce ba ita ba ce) ba mu da ko guda. Da aka ce za a sa wa jaririyar sunanta na yi ta lallashi, har ta ce, "To na ji, amma da na'urar ɗana kawai. Kar wanda ya ɗaga min waya."

Na je Jakara wurin Malam Sule, tsohon abokin Baba da har yanzu yake wanke fim, ya saka min fim ya rufe, ya fara bayani. Na katse shi da cewa ai a hannun Baba na tashi.

Ranar suna gidanmu na Ƙofar Na'isa ya cika da mata. Inna ta sha atamfa da mayafinta na Makka, aka ɗora mata takwara a cinya. Ni kuwa na tsaya tsakar gida ina ba da umarni: kowa ta mayar da wayarta jaka! Na leƙa taga, ga Inna biyu, na murza suka zama ɗaya, na danna. Har na riƙa kiran mata suna leƙawa suna salati.

Ƙanwar mijina Hadiza ta matso ta ce, "Yaya, wannan baƙin abin na gaba fa, haka ake barinsa?"

Na dube ta da tausayi (Allah ya yafe min) na ce, "Ke 'yar zamani, ta nan sama ake gani. Ga shi ina ganin kowa tar."

Bayan kwana uku na koma karɓar hotuna, har da rakiyar Hadiza. Malam Sule ya ɗaga fim ɗin a hasken ƙofa. Wayam, tun daga farko har ƙarshe.

Ya ce, "'Yar aminina, kin kuwa cire murfin?"

Na ce, "Wane murfi, Baba?"

Hadiza ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta suna rawa.

Duk da kunyar da ta rufe ni, sai da na tambaya, don abin ya ɗaure min kai: ya za a yi in ga mutum tar amma kyamara ba ta gan shi ba? Ya nuna min da yatsa. Ashe tagar da nake leƙawa daban, idon da ke ɗaukar hoto daban, ba abin da ya haɗa su. Akwai kuma wata mitsitsiyar taga a gefe, ita ke kawo mutum na biyun ta wani ɗan madubi a ciki. Ya ƙara da cewa tunda taga tana sama ido yana ƙasa, in na matsa kusa sosai in bar sarari a saman kai. Wannan shi ne bayanin da na katse.

Saura gaya wa Inna. Na durƙusa a gabanta bayan la'asar, don na san alkawarinta sau ɗaya ne. Da na gama bayani ta ce, "Wato duk zaman da na yi kamar amarya, duhu kika ɗauka?" Ta yi dariya har da hawaye. Da ta share ido ta ce, "Ubanki ma ya taɓa yi, ranar wata sallah. Ɗauko min takwara."

Amma ta kafa sharaɗi: da hannunta za ta cire murfin, kuma ita za ta riƙe.

Hoton yana ɗakina yanzu. Inna da jaririya a cinya, ta ɗaga murfi sama kamar shaida a gaban alƙali, rabin ɗaurin ɗankwalinta babu (na manta da zancen sarari). Tun daga ranar, duk wanda ya ce min "wannan abin fa?", sai na juyo da abin na duba gabansa kafin in buɗe baki.