Ƙanƙarar da Na Sayo wa Timo

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe mini komai, da ranar da na yi niyyar kawo ƙasar Finlan garin Sabuwa a bayan akori-kura.

Lokacin kuɗin fetur sun shigo, ko'ina aikin hanya ake yi, ni kuma ina tsaron sito a kamfanin da ke aiki ta wajen Faskari. Makanikenmu wani Bature ne ɗan Finlan, Timo, amma kowa Mai Giɓi yake ce masa. A ƙasarsu sana'arsa wasan hoki ce, wanda ake bugawa da sanda ana zamiya a kan ƙanƙara. Tun yana yaro yake zamiya a kan daskararren tafki, har ƙungiyar garinsu ta ɗauke shi tana biyansa. Wasan ya cinye masa haƙoran gaba, daga baya ya haɗa da gwiwa, sai ya koma gyaran inji. Takalman wasan, masu ƙarfe a ƙasa kamar wuƙa, suna rataye a ɗakinsa.

Ban taɓa aboki irinsa ba. Kullum tare muke cin tsire, yana kashe Hausa ina yi mata jana'iza. Sai wata rana ya ce zai koma gida.

"Mi muka yi maka?" na tambaye shi.

"Ba komai. Ni kewa ƙanƙara."

Raina ya ɓaci ƙwarai, don ba na so ya tafi. Amma nan take dabara ta zo mini (irin dabarar da ya kamata mutum ya kwana a kanta). In dai ƙanƙara ce, ai ana sayarwa a Funtuwa! Ban shawarci kowa ba. Na sa aka lodo mini ita bulo-bulo a akori-kura aka lulluɓe da buhuna, na kuma bi gari ina shela cewa bayan la'asar Bature zai yi wasan ƙasarsu a filin makaranta. Har kujera na sa wa Alhaji mai unguwa.

Watan bazara ne fa. Kafin motar ta iso rabin ƙanƙarar ya zama ruwa. Abin da ya rage na jera a ƙasa, faɗinsa bai fi tabarma ba, kewaye da caɓi.

Timo ya zo da takalmansa kamar yadda na roƙe shi. Ya dubi tabarmata, ya dube ni.

"Aboki, wasa yana so fili kamar gona."

Gari ya taru, ina zan sa kaina? Na ce to ni zan fara nuna musu (ni da ko keke sai da na girma na iya). Na zura takalman, na tattare babbar riga, na hau. Ƙafar dama ta nufi Yankara, ta hagu ta nufi Mairuwa, wandona ya ce ɓarrr, na zauna daɓas cikin caɓi. Mata suka ja mayafi suna ƙyaƙyatawa.

Alhaji ya gyara zama ya ce, "Ɗana, wanga shi ne wasan? Ai mu ma muna yin shi da damina, ba mu dai tara mutane."

Timo kaɗai bai yi dariya ba. Ya durƙusa da gurguwar gwiwarsa a cikin laka, ya ɗauki guntun ƙanƙara ya manna a fuska, ya rufe ido. Ya daɗe a haka. Ruwan da ke bin kumatunsa ba na ƙanƙarar ba ne duka.

"Na gode," ya ce. "Yanzu dole ni tafi."

Wato ni da kuɗina na sayo abin da ya ƙarasa kore shi. Kafin ruwan farko ya sauka ya tafi, ban sake jin ɗuriyarsa ba, kuma har yau ina kewarsa.

Na dai koyi cewa in mutum ya ce yana kewar gida, ka zauna ka saurare shi, kada ka ɗauko mota. Amma ko yanzu in an kawo mini ruwan sanyi, sai na tsamo ƙanƙarar na manna a fuska kafin in sha. Jikokina sun ɗauka zafi nake ji.